Doguwar Tafiya Zuwa Jijiyar Jariri: Tarihin Ƙarin Ruwa Daga Turai Zuwa Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Jaririn da ya zo duniya da nauyin kilo uku, duk jinin jikinsa bai wuce rubu'in lita ba, jijiyoyin da ke bayan hannunsa kuwa ba su fi zaren ɗinki kauri ba. Idan ciwo ya kama shi a makon farko, ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi sanyi ko ya ɗau zafi, sau da yawa babu abin da ke tsakaninsa da ajali, bayan ikon Allah, sai wata 'yar roba da za a zura cikin ɗaya daga jijiyoyin nan, domin ruwa da sukari da magani su isa jininsa kai tsaye. A asibitocin da mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ke kai 'ya'yansu, ma'aikata na kiran robar nan kanula, kuma sa ta aikin 'yan mintoci ne a hannun wanda ya ƙware. Amma kafin a kai ga waɗannan mintoci an yi fiye da shekara ɗari uku ana lalube, ana gaba ana baya, kuma jarirai su ne na ƙarshe da amfanin abin ya riska.

Tun a ƙarni na 13 Ibnu Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu kafin ya komo zuciya, amma sai a 1628 likitan Ingila William Harvey ya wallafa littafin da ya tabbatar cewa jini kewaya jiki yake yi baki ɗaya. Da wannan ya tabbata, sai masana suka fahimci cewa abin da aka zuba a jijiya ɗaya zai game ko'ina. A 1656, a birnin Oxford, Christopher Wren ya ɗaura mafitsarar dabba a bututun gashin dinya, ya matsa maganin barci cikin jijiyar kare, karen ya bugu, ya kuma farfaɗo. A 1667 Jean-Baptiste Denis ya ƙara wa wasu mutane jinin dabbobi a Faris, da ɗaya daga cikinsu ya mutu hukuma ta hana aikin, aka yi kusan shekara ɗari da hamsin ba wanda ya sake kusantar jijiya da gaske.

Annoba ce ta sake tayar da maganar. A ƙarshen 1831 kwalara ta shiga Ingila ta tashar jiragen ruwa ta Sunderland, wani matashin likita mai suna William O'Shaughnessy ya auna jinin waɗanda ta kama, ya gano cewa amai da gudawa sun kwashe musu ruwa da gishirin jiki har jinin ya yi kauri ya yi baƙi, ya kuma ba da shawarar a mayar musu da abin da suka rasa ta jijiya. Wanda ya fara aiki da shawarar shi ne Thomas Latta, likita a garin Leith na ƙasar Sikotland, a watan Mayun 1832. Majinyaciyarsa ta farko tsohuwa ce da aka riga aka fid da rai da ita. Ya zura bututu a jijiyar hannunta, ya yi ta tura ruwan gishiri mai ɗumi sannu a hankali, cikin rabin sa'a bugun jininta ya komo, fuskarta ta sake, ta buɗe baki ta yi magana. Da ya tafi ya ɗan huta sai amai da gudawa suka dawo, ta cika bayan 'yan sa'o'i. Wasu daga cikin waɗanda aka yi wa haka daga baya sun rayu, amma mafi yawa sun mutu, domin ba a kawo su sai sun kai gargara, ba a san ƙwayoyin cuta ba tukuna balle a tsarkake ruwa da kayan aiki, ma'aunin gishirin kuma bai dace da na jini ba. Latta ya rasu a 1833, annoba ta lafa, aka jingine hanyarsa kusan shekara hamsin.

Abubuwan da suka hana shi nasara sai aka riƙa warware su ɗaya bayan ɗaya. A 1853 Alexander Wood a Edinburgh da Charles Pravaz a Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka samar da sirinji mai allura. A 1867 Joseph Lister ya nuna cewa tsabtace rauni da kayan aiki na hana ruɓa. A farkon shekarun 1880 Sydney Ringer ya gano a Landan nau'o'in gishirin da zuciya ke buƙata kafin ta ci gaba da bugawa. A 1901 kuma Karl Landsteiner ya rarrabe rukunonin jini. Manya sun fara cin moriyar wannan duka, jarirai kuwa suna nan inda suke, saboda allurar ƙarfe ta fi ƙarfin jijiyarsu, ko ta shiga ma motsi ɗaya ya isa ta huda ta fita. Abin da ya faru a New York a watan Maris na 1908 ya nuna girman matsalar. Wata jaririya 'yar kwanaki kaɗan, ɗiyar wani likita, tana zubar da jini ba tsayawa, mahaifinta ya je cikin dare ya ɗauko Alexis Carrel, Bafaranshe gwanin ɗinke jijiyoyi. A kan teburin cin abinci na gidan Carrel ya tsaga bayan gwiwar jaririyar ya fito da jijiya, ya tsaga wuyan hannun uban ya fito da tasa, ya ɗinke su baki da baki, jinin uba ya gangara cikin 'yarsa har launin jikinta ya dawo ta tsala kuka. Ta rayu, Carrel kuma ya karɓi lambar Nobel a 1912. Sai dai aikin da gwani ɗaya ne a gari zai iya yin sa ba zai zama magani ga jama'a ba.

Don haka likitocin yara suka shiga neman hanyoyin kewaye. Wasu suna tura ruwan gishiri ƙarƙashin fata su jira jiki ya tsotse, wasu daga 1918 suna zuba shi cikin kogon ciki, wasu kuma daga 1915 suna soka allura ta maɗiga don su cimma babbar jijiyar da ke kwance ƙarƙashin ƙoƙon kai, inda kuskure kaɗan ke zubar da jini a kan ƙwaƙwalwa. Ta maɗigar ce Alfred Hart ya zuƙi jini a Toronto, ranar da ya yi wa wani jariri mai tsananin shawara musanyar jini. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a tsaga fatar idon sawu, a tono jijiya, a ɗaure bututu a ciki, abin da ke kashe jijiyar ya bar tabo. A 1931 Samuel Karelitz da Bela Schick suka nuna a New York cewa idan ruwa na ɗiga a jijiya dare da rana ba yankewa, jariran da gudawa ta galabaitar suna rayuwa fiye da da nesa ba kusa ba. Shekara guda bayan haka Alexis Hartmann, likitan yara a St. Louis, ya gyara ruwan Ringer ya zama irin wanda har yau ake ratayawa a asibitocinmu. An san abin da za a ba jariri ke nan, saura ta inda za a ba shi.

Roba ce ta kawo mafita bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946 Louis Diamond ya yi amfani a Boston da jijiyar cibiya, wadda ta ciyar da jariri wata tara a ciki kuma take nan a buɗe kwanakin farko bayan haihuwa, ya zura siririn bututun roba ta cikinta ya musanya jini ba tare da ya tsaga fata ba. A 1950 David Massa, matashin likita a asibitin Mayo da ke Rochester ta Amurka, ya zo da dabarar da kanula ke bi har yau: ya lulluɓe allurar ƙarfe da bututun roba, allura ta huda fata da jijiya, robar ta zame ta shige ciki, a zare ƙarfen a bar abu mai laushi da ke lanƙwasa tare da hannu. A wannan zamani ne kuma aka ƙera gajeriyar allura don jijiyoyin fatar kai, wadda ta daɗe tana zama abin dogaro a ɗakunan jarirai. A 1957 Malcolm Holliday da William Segar suka fitar da lissafin ruwan da yaro ke buƙata gwargwadon nauyinsa. A shekarun 1960 kamfanoni suka fara sayar da kanula a rufe, tsarkakakkiya, ta amfani sau ɗaya. A shekarun 1970 aka fara haska fitila mai ƙarfi ta cikin tafin hannun jariri don jijiya ta fito baƙa a cikin ja. Aka yi ta rage mata kauri har aka kai lamba 24, mai launin ruwan ɗorawa, wadda faɗinta bai kai milimita ɗaya ba.

Gyara na ƙarshe a zukatan likitoci aka yi shi. Har tsakiyar shekarun 1980 da yawansu na ganin sabon jariri bai san zafi yadda babba ya sani ba, har akan yi wa bakwaini tiyata da ɗan abin kashe zafi kaɗan. A 1987 Kanwaljeet Anand da Paul Hickey suka tattara hujjojin da suka rushe wannan zato, a 1991 kuma Elliott Blass ya nuna cewa ɗigon ruwan sukari a harshe kafin suka yana rage kuka ƙwarai. Daga nan lallashi ya shiga cikin ƙa'idar aiki, aka soma lissafa kowace suka a kan cewa cutarwa ce da ba a yin ta sai dole.

A kudancin ƙasar Katsina, a shekarun da ake wannan fafutuka a Turai da Amurka, haihuwa aikin gida ce. Ungozoma ta yanke cibi, mai jego ta shiga wanka, wanzami ya zo ya cire beli, ran suna a yi aski, jaririn da ya yi laushi kuma a yi masa addu'a da jiƙe-jiƙe a jira hukuncin Allah. Asibitin koyarwa na Ibadan an buɗe shi a 1957, Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu a Zariya a 1962, daga 1966 zuwa 1975 kuma likitan yara ne ya shugabance ta, Farfesa Ishaya Audu ɗan Anchau, kuma a zamaninsa, a 1967, aka fara koyar da likitanci a can. A shekarun 1970 Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, ta zama dandalin wani babban bincike da jami'ar ta gudanar tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, kan zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji. Tsakanin 1976 da 1979 kuma Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti a Zariya, sakamakon da ya wallafa a 1985 ya nuna ƙarara cewa mutuwar uwa da jariri ta fi yawa matuƙa a cikin matan da ba su je awo ba, waɗanda ba a kawo su sai naƙuda ta yi tsawo ta rikice. Tun daga lokacin aka gane cewa a wannan yanki jinkiri ne babban abokin gaba.

A 1985 wani likitan yaran, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya zama ministan lafiya, ya riƙe muƙamin har 1992, ya ɗora harsashin kiwon lafiya matakin farko, ya kuma yaɗa ruwan gishiri da sukari har cikin ƙauyuka, abin da ya raba dubban yara masu gudawa da allurar ƙarin ruwa. A ranar 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, makarantar ungozoma ta Malumfashi da ta jinya ta Katsina da makarantun fasahar kiwon lafiya na Kankiya da Daura kuma suka zama wuraren da ake yaye hannuwan da ke riƙe da asibitocin karkara. Sai dai ruwan gishiri da sukari na mai iya haɗiya ne. Jaririn da ya sha wuya a naƙuda har yana jijjiga, da bakwainin da bai iya tsotso ba, da wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa ta cibiya, duk ba su da mafita sai jijiya.

Ga yadda aikin yake a hannun ma'aikaciyar jinyar da ta koye shi da kyau. Ba ta farawa ita kaɗai, sai da mai taimako, kuma ba ta farawa sai jaririn ya ji ɗumi, domin sanyi na tsuke jijiya har ta ɓace wa ido. Takan wanke hannu ta sa safa, ta jera kanula da sirinjin ruwan gishiri da filasta yankakke da ɗan kwali naɗe da auduga, sannan a naɗe jaririn cikin zane a bar hannu ɗaya a waje, a ɗiga masa nonon uwarsa ko ruwan sukari a harshe kamar minti biyu kafin suka. Daga bayan hannu take fara dubawa, sai ƙafa, sai jijiyar da ke wucewa ta gaban idon sawu na ciki, tana farawa daga can ƙasa domin idan nan ya ɓaci a sami wuri a sama. Fatar kai ce ta ƙarshe, bayan an yi wa iyaye bayanin dalilin aski, an kuma taɓa jijiyar da yatsa an tabbatar ba ta bugawa, domin mai bugawa ita ce mai fito da jini daga zuciya, kuma ba a zuba ruwa ta cikinta. Idan jijiya ta ɓuya, takan rage hasken ɗaki ta haska fitila marar zafi ta tafin hannu, ba ta barin ta daɗe a kan fata.

Yatsun mai taimako sun isa su matse sangalin hannu har jijiya ta cika. Sai ta goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta bari ya bushe, tana kiyaye yawansa domin yana iya ƙona fatar bakwaini, ta lanƙwasa wuyan hannun, ta ja fatar da babban yatsa don jijiya ta tsaya wuri ɗaya. Allurar kusan a kwance take shiga, tsagin bakinta na kallon sama, ta bi hanyar da jini ke komawa zuciya. A nan ne haƙuri ke raba gwani da ɗan koyo, domin jinin jariri na jinkirin bayyana a gindin kanula, mai gaggawa kuwa kafin ya gan shi ya riga ya huda jijiyar ya wuce. Da ɗigon ja ya fito sai ta ƙara kwantar da allurar, ta matsa kamar milimita ɗaya, ta tura robar ita kaɗai, ta zare ƙarfen, kuma ba ta mayar da shi ko da wasa, don yana iya yanke robar a cikin jijiya. Sannan ta gwada da ɗan ruwan gishiri: idan ya shige ba turjiya, wurin bai kumbura ba, fatar ba ta yi fari ba, an dace. Takan ɗaure hannun a kan kwalin ta bar yatsu da bakin kanular a fili. Idan ta gwada sau biyu ba ta samu ba, ƙa'ida ita ce ta miƙa wa wanda ya fi ta, in kuwa rai na cikin haɗari a koma ta jijiyar cibiya.

Sa kanula rabin aiki ne, tsaronta shi ne sauran. Jariri mai kilo uku a ranar haihuwarsa mililita 60 yake buƙata a kowane kilo, wato 180 a yini da kwana, abin da bai wuce ɗigo bakwai ko takwas a minti ba da ƙaramin ma'aunin ɗigo na yara. Ledar ruwa ta manya kuwa mililita 500 ce, ninki biyu na jinin jikinsa, idan ta kwarara ba tsaro za ta cika masa huhu da zuciya. Shi ya sa ake bi da ruwan ta kwalba mai ma'auni ko na'urar tura sirinji, ake kuma duba wurin kowace sa'a. Kanular jariri ba ta cika wuce kwana biyu ko uku ba, kuma idan ta goce ruwa ya taru ƙarƙashin fata, musamman mai sinadarin kalsiyam, yakan ci nama ya bar tabo na har abada. Uwar da aka nuna wa alamun kumburi da ja da sanyin yatsu takan riga kowa gani.

Da yake ba kowane jariri ke isa inda ake wannan aiki ba, sai aka juya ga abin da za a iya yi kafin a kai ga jijiya. Ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, wanda aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, ya zama madadin kwalbar jarirai inda babu wuta. A 2013 Jihar Sakkwato ta fara raba man shafa wa cibiya mai kashe ƙwayoyin cuta, daga baya ya zama tsarin ƙasa. A 2015, bayan wani babban gwaji a Kwango da Kenya da Najeriya wanda Zariya na cikin wuraren da aka yi shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa inda kai jariri babban asibiti ya gagara, ma'aikacin ƙaramin asibiti na iya yi wa wasu daga cikin masu alamun cutar jini allurar cinya haɗe da maganin sha, ban da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa jarirai 39 cikin kowane 1,000 na rasuwa a watan farko, kuma a Arewa maso Yamma haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba.

Ana cikin haka rashin tsaro ya sauka a kan yankin. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na cikin ƙananan hukumomi takwas na Katsina da ke bakin daji, inda hare-haren 'yan bindiga suka fi tsanani, kuma a daren 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura daga shida na yamma zuwa shida na safe a waɗannan ƙananan hukumomi. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da ukun nan da Funtuwa da Malumfashi. Don kare rayuka aka ɗauki matakan, amma tsoron hanya da ya haifar da su ya riga ya mayar da dare lokacin da ba a fita da marar lafiya. Jaririn da ya ƙi nono da magariba a ƙauyen Sabuwa ko Faskari sai ya kwana, da safe a ɗauko shi a babur cikin iska, ya iso jikinsa ya yi sanyi, sukarin jininsa ya faɗi, jijiyoyinsa sun lafe, har gwanin ma'aikaci ya sha wahala kafin ya samu. Matsalar Latta ta 1832 ke nan ta dawo: magani na nan, majinyaci bai iso da wuri ba.

Hukuncin da tarihin nan ya yanke a bayyane yake. Maganar kayan aiki an gama ta tun da daɗewa, maganar ƙa'ida an rubuta ta an kammala, abin da ya rage wa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa shi ne ƙwararren hannu a kusa da hanya mai aminci zuwa gare shi. Haƙƙi ne a kan hukuma ta tabbatar kowane babban asibiti a yankin yana da ɗakin jarirai mai ɗumi da wutar sola, da kanula lamba 24 da ma'aunin ɗigo na yara da ba sa yankewa, da ma'aikatan da aka horar a ƙarƙashin idon gwanaye aka kuma ba su dalilin zama. Haƙƙi ne kuma a kan iyaye da ungozomomi da kakanni su san cewa ƙin nono, da sanyin jiki ko zafinsa, da saurin numfashi, da jijjiga, da shawarar da ta fito ranar farko, alamu ne da ba a jira ranar suna da su. A ɗora jaririn a ƙirjin uwarsa, a lulluɓe su tare, a ci gaba da ba shi nono in yana karɓa, a nufi asibiti mafi kusa da zarar hanya ta samu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kawo wa yankin nan zaman lafiya mai ɗorewa.